Ko Zakara, Ko Samandar

Jama'a, ni fa ba mai zargin mutane ba ce, duk da Shahlo opa takan ce ko gaisuwa aka yi mini sai na juya ta na duba ƙasanta. Amma ku faɗa mini tsakani da Allah: idan mahaifiyarki ta ciro rigar silikinta ta atlas ta zuwa biki, ta fesa turare, ta kamo jan zakara ta cusa a jakar leda da kansa a waje, sannan ta ce ki tashi ki raka ta gidan surukan yayarki, me za ki kawo a ranki? Na ɗaura ɗankwali na bi bayanta, zakara yana harara ta har muka sauka daga bas.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Rayhon, a tsohuwar unguwa muke a Tashkent, ni da mahaifiyata da muke kira Oyi. Babanmu ya rasu. Yayata Shahlo opa tana aure a gidan Muattar hola (a yarenmu opa yaya mace ce, hola kuma inna), mijinta yana aikin gini a Rasha, ta haifa masa ɗa namiji, Samandar, wanda ko shekara bai cika ba. Ni kuma akwai Nodir-aka (aka laƙabin girmama namiji ne), ɗan ƙanwar Muattar holar ne, ita ce ma ta haɗa mu. An sa Juma'ar da za ta biyo bayan shagalin kaciyar jikokinta za a zo gidanmu a karya gurasa, wato a tsayar da maganar aurenmu a gaban dattawa. Kun ga kenan wuyana da na yayata duk a hannun mace ɗaya suke.

To kaciyar ce ta kawo rigima. Muattar hola tana da jikoki biyu wajen babban ɗanta, ɗaya shekara biyar ɗaya uku, ta ce bana za a yi musu. Yara biyu kuwa ba a kwantar da su gaban wanzami rana ɗaya, sai dai a sami na uku, in babu a yanka zakara ya tsaya a madadinsa. Sai ta ce ai abin ya zo daidai, a haɗa da Samandar. Kowa ya ce madalla, ban da Oyi. Da farko ta ce ana zafi, ciwo ba zai warke ba. Muattar hola ta ce gidanta da na'urar sanyi. Ta ce uban yaro ba ya ƙasar, aka kira shi ta bidiyo ya ce ya amince. Ta ce ta yi mummunan mafarki, aka ba da sadakar gurasa a masallaci. Da dabaru suka ƙare mata ne ta kamo zakara.

Mun tarar da Muattar hola a kan dakalin katako ƙarƙashin inuwar inabi, ita da maƙwabta suna ɗinka sababbin katifun auduga da za a shimfiɗa wa yaran, masu jan karan-miski. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi lafiyar kowa har da ta ƙafar Oyi mai ciwo. Can Oyi ta tura jakar gaba, ta ce ga na ukun ta kawo, a bar mata jikanta ya ƙara ƙwari.

Muattar hola ta yi murmushi har haƙoran zinarenta suka fito. "Sanobarhon," in ji ta, ta kira Oyi da sunanta, "zakara ai na gidan da Allah bai ba su jika na uku ba ne. Ni ya ba ni. Ko akwai abin da ke jikin yaron da ba kya so wanzami ya gani?"

Oyi ta ce babu komai. Amma na ga yadda ta damƙe gefen rigarta. Muattar hola ta ɗauki butar shayi, ta cika wa Oyi kofi har ya kusa zuba, alhali kowa ta zuba wa ɗan kaɗan a gindin kofi yadda ake wa baƙon da ake so ya daɗe. Maƙwabta suka sunkuyar da kai kan allurarsu. Zakara dai aka ɗaure shi a gindin bishiyar rumman, don ba a mayar da kyauta.

Kunya ta sa na sulale ɗakin Shahlo opa. Na same ta tana guga, Samandar yana rarrafe a kan darduma cikin wani dogon wando mai kauri, a wannan zafin. Na ɗauke shi na ce wa ya yi maka wannan mugunta, na kama wandon zan cire, sai na ji auduga cushe a gwiwoyin. Ɗinkin Oyi ne, ko cikin barci na san shi. Da na zame wandon sai na ga abin da aka ɓoye. Gwiwoyinsa duka biyu sun yi shuɗi-shuɗi, akwai wani tabon a cinya, wani a haƙarƙari daidai inda ake riƙe yaro in za a ɗaga shi.

Ba zan ɓoye muku ba, Muattar hola na fara kawowa a raina. Na rufe ƙofa na tambayi Shahlo opa wa ke mintsinin yaron nan. Ta ce in rufa mata asiri in rage murya, babu mai taɓa shi, haka jikinsa yake tun da ya fara rarrafe. Ranar da aka yi masa allurar rigakafi ma cinyarsa ta kumbura, Oyi ta zo ta ɗaura masa ganyen kabeji, ta ce kada a nuna wa kowa don surukai za su ce sakacin uwa ne. Na ce ba ta kai shi asibiti ba? Ta ce Oyi ta hana, wai fatarsa ce mai laushi irin ta farare. Na dubi yayata da kyau in ga ko ƙarya take. Tsoro kawai na gani, irin na matar da ke zaune gidan surukai mijinta ba ya nan.

A bas muna komawa wayata ta yi ƙara. Nodir-aka ne.

"Na ji an kai wa holata zakara."

Na rubuta masa cewa labari ya riga mu isa gida kenan. Ya turo fuskar dariya, sannan ya biyo da wani saƙon da babu dariya a ciki. Wai holarsa tana cewa Oyi ba kaciyar take gudu ba, haɗin zuri'ar ne ba ta so, tana neman hanyar da za a ɓata kafin Juma'ar gurasa. Ya ce in da wani a ƙasa in gaya masa tun yanzu.

Na ce masa wani wa, ni da ko kantin unguwa sai da rakiya. Amma maganar ta zauna mini. Na saci kallon Oyi, ta jingina kai da taga, leɓunanta suna motsi. Ko dai da gaske ba ta son Nodir-aka? Ai ita ce ta fi kowa rawar kai ranar da danginsa suka fara zuwa, har labule ta canja. To me ya haɗa aurena da wandon auduga?

Kwanakin da suka biyo baya na zama 'yar sandan ciki a gidanmu. In ta shiga ɗaki da waya sai in tuna ina da shara a bakin ƙofar. Ban ji komai ba sai kiran Shahlo opa, safe da yamma, tana tambaya ko yaro ya faɗi, ko haƙorin da ke fito masa yana jini. Sai na fara lura da abubuwan da na taso na tarar ban taɓa tambaya ba. A unguwarmu duk macen da ke da tanderu ita ke kwaɓa gurasarta, amma Oyi ba ta sa hannu a gari. Tun muna yara Shahlo opa ke kwaɓawa, da ta yi aure ya dawo kaina, ita sai dai ta manna a tanderu. Cewa take gari yana sa mata ƙaiƙayi. Shekara da shekaru na yarda, ban taɓa ganin ƙurji ko ɗaya a hannunta ba.

Sai kuma hoton da ke saman kabad, na yayanmu Umid da ya rasu kafin a haife ni. Zazzaɓi aka ce, yana shekara uku. Ina goge ƙurar hoton rannan sai na tsaya. Yaron yana sanye da 'yar alkyabba mai zaren zinare da hula mai ado, irin kayan da ba a sa wa yaro sai ranar kaciyarsa. Na kai mata hoton kicin na tambaye ta ko an yi wa Umid kaciya kafin ya rasu. Ta ajiye wuƙar da take yanka karas, ta ce yarinyar da ake shirin karya mata gurasa ba ta tono kaburbura, in mayar da hoton inda na ɗauko. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, kuma rannan miyar ba gishiri.

Ranar shagali muka isa da sassafe. Maza sun riga sun ci dafa-dukar shinkafar da muke kira osh sun fara watsewa, masu kakaki suna hutawa a bakin ƙofa, tsakar gida cike da mata da ƙamshin kitsen rago. Na sa sabuwar rigata mai ruwan ganye, wadda Nodir-aka ya taɓa cewa tana yi mini kyau. Na hango shi yana ɗaukar faranti, ya ɗan ɗora hannu a ƙirji daga nesa, na yi kamar ban gani ba saboda mahaifiyarsa tana kusa. A ɗakin baƙi an jera katifu uku. Ta ƙarshen ƙarama ce, an ajiye 'yar hula a kan matashinta.

Oyi ta yi yunƙurinta na ƙarshe. Ta karɓi Samandar ta ce jikinsa da zafi, a ɗaga nasa. Muattar hola ta ɗora leɓe a goshinsa, ta ce lafiyarsa ƙalau, ta karɓe shi ta miƙa wa maza. Aka ce wanzami ya iso, da manyan zai fara.

Daga nan aka fito da kwanukan gari. In ana yi wa yaro kaciya, uwarsa takan zauna a ɗakin mata ta tsoma ɗan yatsanta a cikin gari har a gama, don zafin ya yi wa ɗanta sauƙi. Aka ajiye ɗaya gaban matar babban ɗan, aka ajiye ɗaya gaban Shahlo opa. Ina kallon Oyi lokacin da yayata ta miƙa yatsa. Fuskarta ta koma kalar garin nan. Ta tashi ba takalmi ta fita ta ƙofar baya, ni kuma na bi ta.

Na same ta durƙushe a bayan tanderu. Na ce mata yau kam ba zan mayar da hoto ba, ta gaya mini abin da ya kashe Umid.

"Jini ne," in ji ta. "Wanzami ya gama, ya ɗaure, aka yi ta kiɗa. Jinin bai tsaya ba. Tsofaffi suka ce kada in cire yatsana daga garin, in na cire zai fi muni. Haka na zauna tun hantsi har aka kira magariba, ina jin kukansa yana raguwa, ina cewa sauƙi ne yake samu. Da aka kai shi asibiti ya riga ya yi fari."

Ta ce ƙanenta ma haka ya tafi a ƙauyensu, haƙori aka cire masa. Likitan da ya duba Umid ya gaya mata ciwo ne da mata ke ɗauke da shi ba tare da ya taɓa su ba, sai su haifa wa 'ya'yansu maza. Babanmu ya sayar da gidan can muka dawo unguwar da ba a san mu ba, suka ce wa kowa zazzaɓi ne. Ta ce wa zai auri 'yar gidan da jinin mazansu ba ya tsayawa? Da Shahlo opa ta haifi namiji ta yi ta addu'a ya tsallake, har ranar da ta ga gwiwoyinsa.

Haushi ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji game da ita ba, haɗe da tausayi. Na ce to me take jira, ta tashi ta faɗa. Sai ta kama ƙafata. Ta ce in ta faɗa za a dawo mata da Shahlo gida, ni kuma babu mai zuwa ranar Juma'a, ko wata Juma'ar. Ta ce in bari ta shiga ta faɗi ƙasa ta yi kamar zuciyarta ce ta buga, hankali zai koma kanta, a manta da yaron.

Na ce, "Yau a manta. Gobe fa? Wanzamin a unguwar nan yake, Oyi."

Daga cikin gida aka saki kakaki, mata suka yi guɗa, na farko ya wuce kenan. Na ciro wayata. Na rubuta wa Nodir-aka cewa ya kawo motarsa bakin ƙofar baya yanzu, kada ya tambaye ni. Na ga ya karanta. Na tsaya ina kallon wurin amsa, ba ta zo ba. Zan so in ce muku ban yi tunanin kaina ba, amma na yi. Na tuna labulen da Oyi ta canja, da akwatin kayana da aka kusa cikawa, da muryarsa in ya kira ni Rayhonhon don ƙauna. Sai kakaki ya sake tashi karo na biyu.

Mace ba ta shiga ɗakin nan, ni na shiga. Maza sun kewaye katifu, yaran biyu suna kwance ana cusa musu alewa. An riga an tuɓe wa Samandar wandon audugarsa, wani kawu ya riƙe masa ƙafafu, shi kuwa yana ta dariya yana kama gemun mutumin. Na ratsa su na sunkuce shi, na haɗa da wandon. Aka fara wane irin rashin kunya ne wannan. Kafin in kai tsakar gida Muattar hola ta tare ni, mata suka fito bayanta, har da mahaifiyar Nodir-aka, har da Shahlo opa da gari a yatsa.

"Rayhon, ajiye mini jikana," in ji Muattar hola, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Hola, ba zazzaɓi ne ya kashe yayanmu ba. Kaciya aka yi masa jini ya ƙi tsayawa. Ciwon a jininmu yake, ta wajen mata. Ku dubi gwiwoyin yaron nan."

Na ɗaga shi kowa ya gani. Zakaran da ke ɗaure a gindin rumman ya saki kuka. Shahlo opa ta dubi yatsanta, ta dubi Oyi da ta fito daga bayan tanderu ba takalmi, ta ce, "Kin sani, kika bar ni na zauna?" Muattar hola ta daɗe tana kallon tabon da ke haƙarƙarin jikanta, ta taɓa shi da ɗan yatsa a hankali. Sannan ta juya ta ce wa wani cikin mazan ya kwance zakaran ya kai wa wanzami. Ni ko kallona ba ta sake yi ba. Mahaifiyar Nodir-aka kuwa kallona ta yi tun daga ɗankwali har takalmi, yadda ake kallon yadin da aka gano ɓaraka a tsakiyarsa bayan an yanka.

Motar Nodir-aka tana bakin ƙofar baya. Ban san ko ya ji abin da na faɗa ba, ban kuma tambaya ba. Ni da Shahlo opa da yaron muka shiga baya, ya kashe rediyo ya ja mu har asibiti. Aka ɗibi jinin Samandar, aka daɗe ana danne wurin da auduga. Da likitar ta dawo ta ce jininsa yana jinkirin daskarewa ƙwarai, sai an ƙara gwaji a san nau'in, amma mu gode wa Allah da ba a sa masa aska yau ba. Ta ce kaciya ba ta gagara ba, in ya girma za a yi masa a nan asibiti bayan an ba shi maganin da ke riƙe jini. Shahlo opa ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da wandon audugar nan ta yi ta kuka.

Nodir-aka yana tsaye a bakin ƙofa duk wannan lokaci, makullin mota a hannu. Na ɗauka zai ce sannu, ko ya yi faɗa, ko ya ce bari ya koma ana nemansa. Sai ya matso kusa da likitar, ya nuna ni da haɓa.

"Ita ma ana iya gwada ta?"

Likitar ta ce ana iyawa, in na yarda. Duka suka juyo suna kallona. Na binciki fuskarsa iya bincikena, ni da ake cewa ina juya gaisuwa, amma na kasa gane ko damuwa da ni ce ta sa shi tambayar, ko saƙon mahaifiyarsa ne da na ji ya shigo wayarsa muna hanya. Na naɗe hannun rigar nan mai ruwan ganye na miƙa.

Ya sauke ni a ƙofar gida ya ce in gai da Oyi, bai ce Rayhonhon ba. Tun rannan saƙo ɗaya ya turo, wai yaya jikin Samandar. Oyi ba ta yi mini magana sai da dalili, amma jiya na fito na tarar da ita gaban kwano ta zuba gari, ta tsaya a kansa hannunta a sama, har na juya na bar mata wurin.

Sakamakona ranar Alhamis zai fito. Gurasa kuwa Juma'a aka sa, kuma har yanzu da nake rubuta muku babu wanda ya kira ya ce an fasa, babu wanda ya kira ya ce suna tafe.